Yadda Ake Zaɓen Keken Tura Yaro Mara Nauyi Don Tafiya

Goyo ya wadatar da mu a gida da unguwa, kuma babu keken da zai kai bayan uwa kwantar wa yaro da hankali. Amma akwai tafiyar da baya kaɗai ba zai iya da ita ba. Yaro ɗan shekara 2 yakan kai kilo 12. Ki goya shi tun daga layin awon kaya a filin jirgin Malam Aminu Kano, ki ci gaba da goyon kuna jiran canjin jirgi a Addis Ababa ko Alƙahira, sannan in Umara kuka je, ga zirga-zirga tsakanin masauki da Harami kullum. A irin wannan tafiyar ce keken tura yaro yake da rana.

Sai dai da yawanmu a buɗe muke zaɓen keken. Mu duba launi, mu taɓa laushin katifa, mu tura shi taku uku a kan tayil ɗin shago, sai mu biya. Alhali keken tafiya sai an naɗe shi ake sanin halinsa: kina hawa matakalar jirgi, yaro a kafaɗa, jaka a hannu, ga mutane a bayanki suna jira. Don haka, uwargida, ki fara gwada shi a naɗe kafin ki duba kyansa a buɗe.

Ki fara da lissafin hanya

Kafin ki je kasuwa, ki zauna da maigida ku bi tafiyar a baki daga ƙofar gida har masauki. A wace mota za a sa keken? In taku ce, ki ɗauki tef ɗin tela ki auna but, ki tuna akwatuna ma a nan za su shiga. In motar haya ce daga tasha, ki sani a ƙarƙashin buhu ko a saman kaya za a cusa shi, saboda haka sai da jakar da za ta rufe shi. In jirgin ƙasa ne, kamar na Abuja zuwa Kaduna, abin da kike so shi ne keken da zai tsaya a gefen ƙafarki ba tare da ya tare wa mutane hanya ba.

Sai kuma ƙasar da za a tura shi a kai. Kekunan tafiya duk ƙananan tayoyi gare su, shi ya sa ba su da nauyi. A kan tayil, siminti da kwalta mai kyau suna tafiya sumul. A cikin yashi kuwa nutsewa suke yi, ki tura ki tura su ƙi motsi. In tafiyarki ta zuwa ƙauye ce yin Salla, inda daga bakin titi sai rairayi, kada ki ɓata kuɗinki. Zani da majanyi sun fi miki.

Shekarun yaro da nauyinsa

Wannan matakin ba a yi masa sassauci. Jaririn da bai kai wata 6 ba, wanda wuyansa bai tsaya ba kuma bai fara zama ba, kwanciya miƙe yake buƙata. In aka jingina shi a kujera mai tudu, kansa yana iya faɗowa kan ƙirji ya takura masa numfashi, musamman in barci ya ɗauke shi. Yawancin kekuna marasa nauyi daga wata 6 aka yi su. In ɗanki bai kai ba, ki nemi wanda bayansa yake kwantawa gaba ɗaya, kuma kamfanin ya rubuta cewa ana sa jariri tun daga haihuwa. Maganar mai shago kaɗai ba ta isa ba, ki ce ya nuna miki a rubuce.

A jikin ƙarfen ko a ƙarƙashin kujera akwai takardar da aka manna mai nuna iyakar nauyin da keken zai ɗauka, galibi kilo 15 ko kilo 22. In yaron ya wuce shekara 2, ki ɗauki mai kilo 22 don ya daɗe yana yi muku aiki, har ƙaninsa ya gada. A wannan takardar ki nemi lambar EN 1888, wadda ita ce ƙa'idar ingancin kekunan yara ta Turai, ko ASTM F833 ta Amurka. Keken da ba shi da sunan kamfani, ba shi da ko ɗaya daga cikin lambobin nan, ni ba zan sa yaro a ciki ba.

Nauyi da girmansa a naɗe

Kekuna masu naɗewa iri biyu ne. Na farko yana tsukewa ne kamar lema, ya zama dogo siriri. Wani injiniyan jiragen sama ɗan Ingila, Owen Maclaren, shi ya ƙirƙiro shi a 1965 da bututun alminiyom, kuma har yau irinsa ya fi araha a kasuwa. Matsalarsa tsawo: ya kai mita guda a naɗe, ba ya shiga ma'ajiyar kaya ta saman kujera a jirgi, hannuwansa biyu ne a rabe, don haka tura shi da hannu ɗaya yana da wuya.

Na biyu yana ninkuwa gida biyu ko uku ya koma kamar ƙaramin akwati. YOYO, wanda ya yi suna wajen matafiya, nauyinsa kimanin kilo 6 ne, a naɗe kuma santimita 52 da 44 da 18. Pockit na kamfanin GB ya fi shi ƙanƙanta, bai kai kilo 5 ba, har ya shiga kundin Guinness a 2014 a matsayin keken yara mafi ƙanƙanta in an naɗe. Waɗannan suna da tsada, kuma ba dole sai su ba. Na kawo su ne don ki san ma'aunin da za ki kwatanta da abin da kika gani a shago.

Dalilin damuwa da santimita shi ne jakar hannu. Ma'aunin da aka fi sani na jakar da ake shiga da ita cikin jirgi shi ne 56 da 45 da 25, nauyi kuma kilo 7 zuwa 8 a kujerun gama-gari. Kowane kamfani yana da nasa, wasu sun fi haka tsauri, wasu kuma suna lissafa keken a madadin jakar hannunki. Ki duba shafin kamfanin da kuka sayi tikiti, ko ki sa ejan ɗinku ya tambaya, tun kafin ki sayi keken.

A nawa ganin, tsakanin kilo 5 da rabi zuwa 7 shi ne daidai. Wanda ya haura kilo 8, za ki tsane shi tun a matakala ta farko. Wanda ya yi ƙasa da 5 kuma, an rage masa wani abu ne kafin ya kai haka: ko rumfar ta zama 'yar mitsitsiya, ko bayan kujerar ba ya kwantawa sosai, ko kwandon ƙasa ba ya ɗaukar komai. Yaron da ya kasa barci a keke, a bayanki zai ƙare, ga keken kuma kina ja.

Gwaji a gaban mai shago

A nan za ki ɓata lokaci, kada ki ji kunya. Ki je da yaron. Ki saɓa shi a kafaɗa, ki naɗe keken da ɗaya hannun, ki buɗe, ki sake naɗewa. In sai kin sunkuya kin sa hannu biyu da ƙafa, to ba na tafiya ba ne. Bayan ya naɗu, ki duba ko yana kulle kansa, ko kuwa yana wargajewa in an ɗaga. Ki ajiye shi ki ga ko zai tsaya da kansa. Ki rataya shi in yana da igiyar kafaɗa, ki zaga shagon da shi.

Ki lura da mahaɗar ƙarafa, inda suke haɗuwa kamar almakashi. A watan Nuwamban 2009 kamfanin Maclaren ya fitar da sanarwar haɗari kan kekunansa kusan miliyan ɗaya a Amurka, bayan yara 12 sun rasa kan yatsa a wannan wurin, ya raba wa iyaye abin rufe mahaɗar. Ko wane iri kika saya, kada ki buɗe ko ki naɗe keke yaro yana dafe da shi.

Daga nan ki sa yaron a ciki. Madauri ya zama mai riƙo biyar: biyu a kafaɗu, biyu a ƙugu, ɗaya tsakanin cinyoyi. Mai ɗaure ƙugu kaɗai, yaro mai ƙiriniya miƙewa tsaye yake yi a ciki. Ki taka birki ki tura da ƙarfi, kada tayoyin baya su juya. Ki sake birkin da takalmin da za ki yi tafiya da shi, domin akwai wanda sai an ɗaga shi da saman yatsu, kuma da silifa yana da zafi. Ki yi tafiya irin taki ta kullum ki ga ko ƙafarki tana bugun ƙarfen baya, ko gefen abayarki da hijabi suna shiga taya. Maigida ma ya tura, in dogo ne kuma hannun keken gajere, bayansa zai gaya masa.

Abu ɗaya da kusan kowa yake yi shi ne rataya jaka a hannun keke. Keke mara nauyi ba ya jure wannan, da yaro ya ɗan motsa ko ya sauka sai ya kife ta baya. Kaya a kwandon ƙasa ake sa su, saura kuma a jakar goyo.

Rana da zafi

Ki zaɓi mai rumfa mai faɗi da take saukowa har gaban fuskar yaro, da raga a gefe ko a baya don iska ta ratsa. Ina roƙonki, kada ki lulluɓe keken da mayafi ko zani don kare rana. Iska tana tsayawa a ciki, zafi ya taru, kuma ba kya ganin halin da yaron yake ciki. A zafin Makka ko na watan Afrilu a Sakkwato wannan haɗari ne na gaske. Kafin ki zaunar da yaro a keken da ya sha rana, ki taɓa ƙarfen madaurin da hannunki. Ƙaramin gidan sauro na keke ba shi da nauyi, ki haɗa da shi.

In na gwanjo za ki saya

Ana samun kekuna masu kyau a na hannu, wani lokaci ma sun fi sababbi marasa suna ƙarko. Ki juya kowace taya ki ji ko tana girgiɗi, ki duba ƙarfen ko ya lanƙwashe ko an yi masa walda, ki ja ɗinkin madauri da ƙarfi, ki tabbata maɓallin yana kamawa har ki ji ƙararsa. Yadi mai datti ana wankewa. Birkin da ya mutu ko makullin naɗewa da ya karye kuwa, ki bar shi ko da kyauta aka ba ki.

Ranar tafiya

Kwana biyu kafin ku tashi, ki riƙa sa yaron a keken a tsakar gida, musamman wanda goyo kaɗai ya sani, don kada ya fara tirjiya a filin jirgi. Yawancin kamfanoni suna ɗaukar keken yaron da bai kai shekara 2 ba kyauta. A wurin awon kaya ki ce kina so ki riƙe shi har ƙofar jirgi, za su manna masa lamba su ba ki rabinta. A wurin bincike za ki cire yaron ki naɗe keken ya bi ta na'ura, don haka kada ki cika kwandon da tarkace. In kin ga matakala mai tafiya da kanta, ki nemi lif, ko ki ɗauki yaron ki naɗe keken.

Ko da kin sayi mafi kyau, ki sa zanin goyo a jakar hannu. Keken da aka karɓa a ƙofar jirgi ba kullum ake mayar da shi a ƙofa ba, wani lokaci sai a wurin ɗaukar akwatuna, bayan dogon layin duba fasfo. A Harami ma ba a shiga da keken yara farfajiyar ɗawafi ta ƙasa da ke kewaye da Ka'aba. A benaye da wurin Safa da Marwa ake barinsa, kuma in cunkoso ya yi yawa nan ma hanawa ake yi, ga shi sa'ayi kaɗai kimanin kilomita 3 ne. In yara biyu ne, ƙaramin a baya, babban a keke, sai ku riƙa musanyawa.

Da kin karɓi keken bayan sauka, ki buɗe shi nan take ki duba tayoyi da birki. In ya lalace, ki kai ƙorafi ofishin kaya na kamfanin tare da rabin lambar nan kafin ki fita daga filin jirgin, domin in kin fita da wuya su saurare ki.