Yadda za ka koya wa 'yan firamare gano jigon labari, musamman jigon abota

Duk zangon da aka turo mana ɗaliban NCE gwajin koyarwa a nan Kaduna, wuri ɗaya nake ganin darasin labari yana lalace musu. Malami zai karanta labari da murya mai daɗi, yara su yi tsit, kowa ya baza kunne. Yana rufe littafi sai ya ce, "To yara, me muka koya daga wannan labari?" Aji ya ɗauka baki ɗaya: "Mu daina ƙarya! Mu bi iyayenmu!" Ko da labarin bai taɓo ƙarya ba, bai taɓo iyaye ba. Malam ya ce a tafa musu, a tafa, kowa ya tashi da tunanin an yi darasin jigo, alhali ko ƙofarsa ba a je ba. Waɗannan yaran ne gobe za su zauna jarrabawar Hausa ta WAEC ko NECO, a tambaye su jigon littafi, su cika shafi da taƙaita labari ko da wa'azi. Gyaran tun daga aji uku da aji huɗu yake farawa, ga yadda ake yinsa.

Fara da zaɓen labari. Gajere, wanda za ka gama a cikin minti biyar, taurarinsa kada su wuce uku. Sharaɗin da ban yarda a saɓa ba shi ne, kada kalmar "aboki" ko "abota" ta fito a kan labarin, in da hali ma kada ta fito a cikinsa. In ta fito, yara za su ɗauko ta su miƙo maka ba tare da sun yi tunanin komai ba. Kuma ba sai ka hau Keke Napep zuwa cikin gari neman littafi mai hotuna ba, ga tsada, ga shi ba zai ishi aji ba. Kuɗin fotokwafi ma ka adana abinka. Ka zauna da daddare ka tsara naka a takarda ɗaya, da sunayen da yara suka saba ji da wuraren da suka sani.

Ga irin wanda nake nufi. Habu da Tanko da Musa 'yan aji uku ne a Tudun Wada, tare suke tafiya makaranta. Ran Litinin Tanko bai zo da kuɗin tara ba, Habu ya raba ƙosansa biyu ya ba shi rabi. Ran Laraba suna cikin sauri sai igiyar takalmin Tanko ta tsinke, ga ƙararrawa ana bugawa, ga malamin da ke tare 'yan makara a bakin ƙofa. Musa ya dube su ya ruga. Habu ya tsaya, ya samo leda suka ɗaure takalmin, suka isa a makare, aka sa su tsintar shara su biyu. Da mako ya zagayo Habu ya kwanta zazzaɓi, Tanko ya riƙa kwafe masa aikin allo yana kai masa gida bayan la'asar. Iyakar labarin ke nan.

Ka ba da shi sau biyu. Na farko da baka, ba ka kallon takarda, ka buɗe da "Ga ta nan, ga ta nanku," su amsa "Ta zo mu ji ta," domin wannan kaɗai yana tara hankalin aji fiye da bugun tebur. Na biyu ka karanta a hankali. In damina ce ruwa yana dukan kwano, ka ɗage darasin, muryarka ba za ta kai bencin baya ba. Sannan tambayoyin su wane ne, ina suke, me ya fara faruwa. Kada ka daɗe a nan, minti biyar ya isa, duk mai koyarwa ya iya wannan.

Yanzu ga inda aikin yake. Ka haramta wa bakinka tambayar "me muka koya". Yaro Bahaushe tun yana goye yake jin nasiha, a gida, a Islamiyya, a wajen taron safe na makaranta. Yana da amsoshi a ajiye, da zarar ya ji wannan tambaya sai ya zaro ɗaya, kuma ba za ka iya ce masa bai yi daidai ba, tunda wa zai ce bin iyaye kuskure ne? Ka ga ka rufe wa kanka hanya. Nasiha aba ce mai kyau, tana da lokacinta, amma jigo daban ne. Jigo shi ne abin da labarin yake ta komawa kansa daga farko har ƙarshe, kuma a cikin labarin ake tono shi, da hujja.

Raba allo gida biyu da alli. A dama ka rubuta "Wa ya yi?", a hagu "Me ya yi wa wani?" Ka nemi yara su cika maka. Za su ce Habu ya ba Tanko ƙosai, ka rubuta. Habu ya tsaya wa Tanko, ka rubuta. Tanko ya kai wa Habu aikin allo, ka rubuta. Wani zai ce "Habu yaron kirki ne." Kada ka rubuta wannan, ka ce masa, "Na ji, amma me ya yi da ka ce haka?" Aiki kaɗai ke hawa allo, yabo da zagi su jira. Da yawan sababbin malamai suna jin nauyin mayar da amsar yaro, suna ganin za su kashe masa gwiwa. Gwiwarsa ba ta mutuwa in ka mayar da fara'a, ma ƙara zaburar da shi kake yi ya koma cikin labarin ya nemo.

Da layuka uku sun hau allo, sai ka ɗora yatsa a kan na tsakiya ka yi tambayar da ta fi kowace muhimmanci a darasin nan: "Da Habu ya tsaya, me ya rasa?" Sannan ka yi shiru. Ka ƙirga goma a zuci. Shirun nan shi ne abin da masu koyon koyarwa ba su iya jurewa, daƙiƙa biyu sai su amsa da kansu, ko su kira yarinyar nan ta gaba da kullum hannunta ke sama tana "Malam ni, Malam ni." Ka bar su su yi tunani. In ajin ya cika maƙil, irin na Rigasa ko Unguwar Mu'azu da yaro huɗu ko biyar ke matse a benci ɗaya, ka ce kowane benci su yi shawara a tsakaninsu na minti ɗaya, sannan ka zaɓi benci, ba mai ɗaga hannu ba. Amsa za ta fito: ya makara, an sa shi shara, da ya ruga da ya tsira. Sai ka bi da ta biyu: "Musa fa, me ya samu da ya ruga, me ya rasa?" A nan aji ke ɗaukar zafi. Wani zai kare Musa, ya ce ai shi ma tsoron horo yake ji, kuma babansa ya ce kada ya makara. Kada ka danne wannan yaro, shi ne ya fi kowa taimakon darasinka, domin ya nuna cewa tsayawar Habu zaɓi ce, akwai wata hanyar da ya bari. Yaro ba ya gane abota a labari daga raba ƙosai kaɗai, kowa yana raba ƙosai. Yana gane ta a wurin da wani ya yi asara saboda wani yana sane.

Tambaya ta uku ita ce mai ɗaure su: "Waɗannan abubuwa uku da ke allo, mene ne ya haɗa su?" Ina nuna musu carbi, in ce 'ya'yansa daban-daban ne amma zare ɗaya ya ratsa su, ku nemo mini zaren labarin nan. Za ka ji amsoshi iri-iri, kuma yadda ka karɓe su shi ne gwanintarka. Wani zai ce "takalmi." Kada ka yi dariya, kada ka bari aji su yi masa. Ka gwada amsar a gabansu: in muka cire takalmi muka ce jakar Tanko ce ta yage littattafai suka zube, labarin ya canza? Za su ce a'a. To in muka ce Habu bai damu da Tanko ba, ya ruga tare da Musa, akwai sauran labari? Za su ce babu. Wannan gwajin cirewa shi ne makamin da nake so kowane yaro ya fita da shi: abin da in an cire shi labari ya rushe, shi ne jigo. Wata za ta ce "taimako," wani ya ce "tausayi," wani ya ce "abota." Duk ka rubuta su. Taimako ba kuskure ba ne, sai dai ka tambaya, Habu kowa yake taimaka wa a labarin ko mutum ɗaya? Kuma taimakon gefe ɗaya yake tafiya ko yana dawowa? Da sun lura Tanko ma ya rama alheri, su da kansu za su karkata ga abota. Kuma kowace amsa, ko daidai ce, ka bi ta da "A ina ka gani?" Yaron da ya ce abota bai iya nuna wurin ba, bai fi wanda ya ce takalmi ba.

Sai bayan duk wannan za ka furta kalmar jigo, ka rubuta ta a saman allo. Ma'anar da ka haddace a kwaleji, da su warwarar jigo da zubi da tsari da salo, ka bar su a littafinka, ba na ɗan shekara takwas ba ne.

Kashegari ka kawo labari na biyu, kuma ni a wurina dole ya zama wanda aka ci amanar abota a cikinsa. Tatsuniyoyin Gizo sun dace, tunda ba ya rabo da yaudarar wanda suka fita nema tare. Dalili shi ne yara su gane jigo ɗaya yana iya zuwa ta fuskar daɗi ko ta ɓacin rai. Allo gida biyu, tambayoyi uku, gwajin cirewa, kamar jiya, amma ka rage maganarka da rabi. Kaduna gari ne na kowa, a aji ɗaya za ka samu ɗan Gbagyi, da Bafulatana, da ɗan Bajju ko Atyap, da Bayarabe, musamman wajen Kakuri da Barnawa da Sabon Tasha. Ka ce kowa ya tambayo kakarsa ko mamarsa tatsuniya. Bayarabe zai zo maka da kunkuru a matsayin da Gizo yake a wurinmu, ka samu labaran zango guda kyauta.

Wajen gwaji kada ka ba su zaɓi na A, B, C, canka za su yi. Ka karanta sabon labari, kowa ya rubuta layi biyu: "Jigon labarin shi ne..." da "Na gani a inda..." Layi na biyu ya fi maki. Wanda hannunsa bai faɗa ba ya zana wurin, ko ya zo tebur ya faɗa maka da baki. Haƙuri da kishi da kwaɗayi duk haka ake bi da su, amma kada ka taɓa su sai ka yi labari uku ko huɗu a kan abota, har ka ji yaro ya juya ya tambayi na kusa da shi a ina ya gani tun kafin kai ka tambaya.