Yadda ake ƙara wa hoto kaifi a kwamfuta ba tare da an ɓata shi ba

Hoton da ya fito daga kyamarar zamani yakan zo da ɗan laushi a gefunan abubuwan da ke cikinsa, ko da gilashin kyamarar mai tsada ne kuma hannun mai ɗauka bai motsa ba. Dalilin yana cikin ƙirar na'urar da ke karɓar haske, domin kowane ɗigo nata launi ɗaya yake gani daga cikin ja, kore da shuɗi, sai kyamarar ta yi lissafi ta cike sauran launuka biyun daga ɗigogin da ke makwabtaka da shi. Bayan haka, kyamarori da yawa suna da wani siririn gilashi a gaban na'urar, wanda aka sa da gangan ya ɗan dusashe hoto don kada tufafi masu ƙananan zane su fito da wasu layuka na ƙarya. Wannan laushin ne ake gyarawa da manhaja irin su Photoshop, Lightroom ko GIMP.

Kafin a taɓa komai, ya kamata a san abin da manhajar take yi. Ba ta dawo da abin da kyamara ba ta ɗauka ba. Tana neman inda haske ya haɗu da duhu ne, sai ta ƙara wa ɓangaren haske haske, ta ƙara wa na duhu duhu a daidai bakin haɗuwar, kamar yadda kwalli ba ya ƙara wa ido girma amma yake sa farinsa ya fito tar. Saboda haka hoton da ya yi dishi-dishi don an kuskure saiti, ko don hannu ya girgiza, ba zai gyaru ta wannan hanya ba, iyaka dai a matsa masa ya ƙara muni.

Ƙara kaifi shi ne aiki na ƙarshe. Sai an gama daidaita haske da launi, an yanke gefen da za a yanke, an goge tabon da za a goge. Idan an ɗauki hoton da dare ko a cikin ɗaki, inda aka ɗaga ISO, wato saitin da ke ƙara hasken hoto a wuri mai duhu, har ɗige-ɗige suka bayyana a wuraren duhu, to a fara rage su tukuna, domin manhaja ba ta bambanta ɗigon banza da gashin gira, duka za ta fito da su. A kuma lura da irin fayil ɗin: hoton RAW, wato ɗanyen fayil ɗin kyamara, yana zuwa ne ba a yi masa komai ba, don haka yana buƙatar kaifi, amma na JPEG, musamman wanda aka ɗauka da waya, an riga an kaifafa shi tun a cikin na'urar, sau da yawa ma fiye da kima. Sannan a yi kwafin hoton a wani falle (layer) na sama, wato shimfiɗar da ke kan asalin hoton a cikin manhajar, a yi aikin a kansa, kuma a buɗe shi a girman kashi 100, domin a kowane girma da bai kai wannan ba allon kwamfuta yana ɓoye illar da ake yi.

Kayan aikin da aka fi sani shi ne Unsharp Mask, wanda ya samo asali tun zamanin wanke fim a ɗakin duhu. A Photoshop yana ƙarƙashin Filter, sashen Sharpen, a GIMP kuma yana ƙarƙashin Filters, sashen Enhance. Maɓallai uku gare shi. Radius shi ne faɗin wurin da gyaran zai shafa a kowane gefe, ana auna shi da fiksel, wato ƙananan ɗigogin da suka haɗu suka zama hoto. Amount shi ne ƙarfin gyaran, wanda a Photoshop yake kaiwa har kashi 500, a GIMP kuwa da ƙananan lambobi ake rubuta shi, inda 1.0 yake kusan daidai da kashi 100. Threshold shi ne yake gaya wa manhaja irin bambancin da za ta ƙyale, kuma a Photoshop yana tafiya daga 0 zuwa 255.

A cikin ukun, Radius ne ya fi ɓata hoto, kuma shi masu koyo suka fi yi wa hawan ƙawara. Hanya mai sauƙi ta gano daidai ɗinsa ita ce a fara ɗaga Amount sama sosai, kamar zuwa 300 a ma'aunin Photoshop, don a ga abin da ke faruwa ƙarara, sannan a riƙa matsa Radius a hankali daga 0.3 zuwa sama. A ɗauki misalin hoton ango da ya sa babbar riga mai aiki da baƙar hula, an ɗauke shi a fili sararin sama yana bayansa. Yayin da Radius yake tsakanin 0.5 da 1, zaren aikin wuyan rigar zai fara rabuwa ɗaya bayan ɗaya. Da zarar an wuce 2, za a ga wani farin layi ya zagaye hular a inda ta haɗu da sama, zaren aikin kuma ya dunƙule ya yi kauri. Wannan farin layin shi ne alamar an wuce gona da iri, kuma duk wanda ya saba da hotuna yana gane shi da kallo ɗaya. Sai a koma baya zuwa inda layin ya ɓace, sannan a sauke Amount zuwa tsakanin 80 da 150. Threshold kuma a bar shi a 0 ko 1 idan hoton gini ne ko daji, a ɗaga shi zuwa tsakanin 3 da 8 idan fuskar mutum ce. Waɗannan lambobi mafari ne kawai, domin hoto mai fiksel da yawa yana ɗaukar Radius mafi girma.

Ba kowane ɓangare na hoto ne yake son kaifi ba. A hoton amarya, idanu da gira da sarƙa da zanen lalle ne ake so su fito, amma idan aka haɗa da kumatu, ramukan fata da burbushin hoda za su bayyana, abin da ba wanda zai gode wa mai hoto a kansa. A Photoshop ana magance wannan da sa abin rufi (mask) a fallen da aka kaifafa, a cika shi da baƙi don ya ɓoye kaifin, sannan a bi wuraren da ake so kaifin ya fito da farin buroshi mai laushi. A Lightroom abin ya fi sauƙi: idan aka danne Alt yayin jan maɓallin Masking, hoton zai koma baƙi da fari, inda farin yake nuna wurin da kaifin zai shafa, sai a ja har fata da sararin sama su yi baƙi, layukan fuska kaɗai su rage. Idan kuma aka ga wasu launuka sun ɓullo a gefuna, a mayar da yanayin haɗin fallen (blend mode) zuwa Luminosity a Photoshop, gyaran zai tsaya a kan haske kawai.

Hoton da hazo ya dusashe a lokacin hunturu matsalarsa daban ce. Maɓallin Dehaze na Lightroom, mai rage hazo, ya fi dacewa da shi, ko kuma Unsharp Mask ɗin da aka juya lambobinsa, wato Radius kamar 50 da Amount kamar 15 zuwa 20.

Abu na ƙarshe shi ne inda hoton zai je. Rage girman hoto yana dusashe shi, don haka a fara rage shi zuwa girman da ake buƙata, kamar faɗin fiksel 1080 don Instagram ko 2048 don Facebook, sannan a yi masa ɗan kaifi da Radius na 0.3 zuwa 0.5. Wanda za a buga a takarda yana buƙatar kaifin da ya fi haka, har ya zama kamar ya ɗan yi yawa a allo, saboda tawada tana bazuwa a takarda, musamman marar sheƙi. A adana asalin aikin tare da fallayensa a fayil irin na PSD (na Photoshop), TIFF ko XCF (na GIMP), a fitar da JPEG sau ɗaya daga gare shi, domin duk lokacin da aka sake adana JPEG ingancinsa yana raguwa. Idan ta WhatsApp za a tura wa mai buga hotuna, a tura shi a matsayin fayil, tun da hanyar tura hoto ta yau da kullum tana matse shi, kuma a nemi ya fara buga ƙaramin gwaji na ɓangaren fuska kafin a buga babban.