Darasi Na 7: Ruwan Shekara Da Zaftarewar Ƙasa

Idan aka kwana ana ruwa a Damagaram, da safe sai ka ji a rediyo an ce an samu milimita 30 ko 50. Mene ne milimita? Milimita 1 na nufin lita 1 ta zuba a kan fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1.

Ga lissafi. Soron Iya yana da tsawon mita 5, faɗi mita 4. Mita 5 sau 4 ya ba da 20. In aka yi ruwa milimita 50, sai mu ce 20 sau 50, wato lita 1000. Tano biyar ke nan a kan ɗaki guda, cikin dare ɗaya! To, in indararo ya toshe, ina wannan ruwa zai je? Cikin rufi da bango zai shiga.

A shekara, Zinder, wato Damagaram, tana samun wajen milimita 400, mafi yawansa a Yuli da Agusta. Mu leƙa Freetown, babban birnin Saliyo, wanda ke tsakanin teku da tsaunuka. Can ruwan shekara yakan kai milimita 3000. Na watan Agusta kaɗai ya fi namu na shekara duka. Jama'a sun yi yawa, fili ya yi kaɗan, sai aka riƙa sare itatuwa ana gina gidaje a jikin tsauni. Saiwar itace ce ke riƙe ƙasa. Da sassafen 14 ga Agusta 2017, bayan kwanaki ana ruwa, gefen tsaunin Sugar Loaf ya zaftaro a kan unguwar Regent. Mutane da yawa suna barci. Waɗanda suka rasu da waɗanda suka ɓace sun haura 1000.

Wani zai ce, "Malam, mu ina ruwanmu? Duwatsunmu na unguwar Birni ai ba sa motsi." Gaskiya ne, dutse ba ya jiƙa. Amma don ba ya shan ruwa, duk abin da ya zuba a kansa sai ya gangaro da gudu zuwa gindin katangar wanda ya gina a ƙasa. Ƙasa kuwa in ta sha ruwa ta ƙoshi, nauyinta ƙaruwa yake, ƙarfinta ya ragu, ko a jikin tsauni take ko a jikin bango. Mun gani da idonmu a Satumba 2024, lokacin da tsohon masallacin ƙasa na garin nan ya rushe bayan ruwa mai yawa.

Tun kafin ruwan farko, a yi yaɓe, a share indararo, a kwashe leda da shara daga magudanar ruwa. A zuba ƙasa a gindin bango yadda ruwa zai gangara waje, kada ya kwanta. In ka ga sabuwar tsaga, ko ƙofa ta ƙi rufuwa, ko gindin bango ya yi damshi yana marmashewa, fitar da iyali a daren, ko da gidan maƙwabci ne za a kwana. Kada a ce sai gari ya waye.

Aikin gida: auna tsawo da faɗin ɗakinka. Lita nawa za ta zuba a kansa in aka yi ruwa milimita 40? Ka kuma rubuta inda ruwan gidanku yake bi in ya fita daga indararo.