Yadda Ake Gina Sunan Sana'a da Labari: Matakai ga Masu Kasuwanci a Katsina da Daura

Duk wanda ya saba duba status ɗin 'yan kasuwar Katsina a WhatsApp ya san abin da zai tarar da safe: hotunan atamfa a jere, ko kwalaben humra, a ƙasa an rubuta "akwai kaya, a yi magana". Mai kallo yana dannawa yana wucewa, kafin azahar ya manta wanda ya sa me. Kayan ba su da laifi. Masu sayar da irinsu ne suka yi yawa, daga Babbar Kasuwa har Ƙofar Ƙaura, kuma babu abin da ya raba wannan da wancan sai farashi. Wanda aka sani da araha kawai, ranar da maƙwabcinsa ya rage naira 200 sai ya kwashe masa masu saye. Abin da ke sa suna ya zauna shi ne labarin da mai saye zai iya maimaita wa wani.

Mataki na farko: tono labarin daga cikin aikinka

Ba a ƙirƙira, tonowa ake yi. Ɗauki littafi ka amsa wa kanka wasu tambayoyi. A hannun wa ka koyi sana'ar? Wane abu ne kake yi wanda sauran suke ganin ɓata lokaci ne? Wane aiki aka taɓa kawo maka ka ƙi karɓa, kuma don me? Tela da ya ƙi karɓar ɗinki ana saura kwana biyar Sallah don kada ya saɓa alkawari yana da labari a hannunsa, ko da bai sani ba. Haka mai fura da ba ta yarda a surka mata nono da ruwa.

In kanka ya ƙulle, tambayi tsofaffin masu sayenka abin da ya sa suke dawowa. Sau da yawa amsarsu ba ita kake zato ba. Kana tinƙaho da sabon keken ɗinki, su kuwa abin da ya riƙe su shi ne kana ɗaga waya.

Mataki na biyu: ba shi ƙashi

A nan ne mafi yawan masu talla suke zamewa, domin suna ɗaukar kirari a matsayin labari. "Kayanmu sun fi na kowa inganci" kirari ne, kuma kowa na faɗa. Labari yana buƙatar mutum, da abin da ya tsaya masa a gaba, da abin da ya canza.

Ba sai an je nesa neman misali ba. Yaron Daura ya san cewa macijiya ta hana mutane ɗiban ruwa a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a, baƙo Bayajidda ya sauka gidan tsohuwa Ayana ya nemi ruwa babu, ya tafi cikin dare ya kashe ta, gari ya samu ruwa, Daurama ta aure shi. Har gobe baƙi suna zuwa Daura don ganin rijiyar da shan ruwanta. Rijiyoyi da yawa sun fi ta ruwa, amma ba wanda ke hawa mota ya je kallonsu.

Akwai kuma wani wuri a labarin da ya kamata mai talla ya tsaya a kai. Da gari ya waye, ba mutum ɗaya ne ya yi iƙirarin shi ya kashe macijiyar ba. Aka ce a kawo kai. Bayajidda kaɗai ke da shi. To kai ma duk abin da ka faɗa game da kayanka, ka tanadi kan da za ka nuna: bidiyon wurin aiki, lambar NAFDAC in kayan ci ne ko na shafawa da aka ƙunsa, takardar rajistar sunan kasuwanci ta CAC, ko shaidar wanda ya saya ya dawo.

Mataki na uku: ɗauki aikin kusa-kusa

Mu ɗauki mai kilishi. Hoton ƙunshi a takarda ba ya faɗin komai. Amma ka kafa waya da hantsi ka ɗauko hannunsa yana bin tsokar da wuƙa, yana buɗe ta har ta yi falan-falan ana hango haske ta ciki. Ka nuna shanya a rana. Ka nuna kwanon labu, tunkuza da citta da kanumfari da masoro da barkono, da yadda ake tsoma naman a sake shanya shi kafin ya hau wuta. A kan wannan sai muryarsa, ba kiɗa ba: "Babana ya ce mani in dai da kitse a jiki kada in shanya, don shi ke sa kilishi ya canza ɗanɗano a hanya. Shi ya sa nawa yake zuwa Legas lafiya." Wanda ya kalli wannan ya fahimci dalilin da ya sa kuɗin ya ɗara na bakin tasha ba tare da an yi masa bayani ba.

Wayar da ke hannunka ta isa. Goge gilashin kyamara, juya wa rana baya, kada bidiyon ya wuce minti ɗaya. Ka yi magana da bakinka na gida. In Bakatsine ne kai, ka bar "mani" da "mashi" ɗinka yadda suke, sun fi muryar mai karanta labarai shiga rai. Matan da ba sa son fuskarsu ta fita ba su da asara: hannu yana gauraya turaren wuta a tukunya, da murya a baya, ya wadatar.

Mataki na huɗu: matsa gefe, ka ba mai saye fili

Labarin asalinka sau ɗaya ake jinsa da daɗi. Wanda ba ya ƙarewa shi ne na masu saye. Amaryar da telan farko ya ɓata wa lokaci aka kawo maki kayan ana saura mako guda. Ɗalibin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ya sayi takalmin fata ya gama karatu da shi. Waɗannan su ne taurarin, kai mai taimako ne.

Sai dai a nemi izini. Kafin ki ɗora hoton hira, ki tambaya: "Hajiya, don Allah zan iya nuna saƙonki in na rufe suna da lamba?" In ta ce a'a, magana ta ƙare. Katsina ba ta da girman da za a ɓoye mutum, ana iya gane mace daga zanen gadon da ya fito a bayan hoto.

Kada kuma a rubuta wa kai yabo da wata lamba a ce na mai saye ne. Ban da cewa algus ne, hadisi ya zo cewa mai saye da mai sayarwa in suka yi gaskiya suka bayyana, ana sa albarka a cinikinsu, in suka ɓoye suka yi ƙarya ana shafe ta. Faɗin aibin kaya ma labari ne mai ƙarfi. Mai cewa "wannan yadin yana zuba a wankin farko, a wanke shi shi kaɗai" ya sayi amincewar da talla ba ta iya saye.

Mataki na biyar: suna ɗaya, magana ɗaya

Sunan da ke allon shago shi ne zai kasance a Facebook da TikTok da Instagram da jikin leda. Zaɓi abu ɗaya da kake so a san ka da shi, cika alkawari ne ko tsafta ko aikin hannu, ka riƙa dawowa kansa ta fuskoki daban-daban. Status yana gogewa bayan awa 24, don haka labaran da suka fi kyau a ajiye su a shafin Facebook ko Instagram inda baƙo zai tarar da su. WhatsApp Business, wanda ya fito a 2018, yana da wurin jera kaya da farashinsu. Can ne mazaunin hotunan, a bar wa status labari.

Ka bi kalandar garinka. Labarin ɗinkin Sallah tun Sha'aban ake fara shi, ba daren jajibere ba. Mai hula ko baduku a Daura ya san hawan Sallar Gani yana tara baƙi, sai ya fara nuna aikin da yake shiryawa makonni kafin lokacin.

Mataki na shida: nuna ƙofar ciniki, sannan ka auna

Labari ya yi daɗi, mutum ya so saye, sai ya rasa nawa ne ko ina zai tura kuɗi. Kowane labari ya ƙare da layi ɗaya: farashi, lambar waya, da ko ana aikawa Kano ko Abuja ta mota. Ɓoye farashi a ce "a zo inbox" yana korar mai kunyar tambaya, kuma su ne da yawa.

Yawan masu kallo kada ya ruɗe ka, domin dangi da 'yan gulma ma suna kallo. Duk sabon mai saye ka tambaye shi a ina ya ji labarinka, ka rubuta amsar a gefen littafin ciniki. Bayan wata biyu ka duba. In bidiyon labu ne ya fi kawo mutane, ka ƙara irinsa, ka rage wanda ake yaba wa a wuce ba a saya ba.