Yadda Ake Gyara Tsakar Gida da Rumfa Bayan Damina

Duk wanda ya kwana biyu a Kaduna ya san ɓarnar da ruwan watan Agusta ke yi wa gida. Kafin ƙarshen Oktoba gindin katanga ya yi kore shar da gansakuka, dakalin ƙofar gida ya tsage, rumfar da ake shan iska a ƙarƙashinta tana yoyo. Yawancinmu sai mu ruga mu sayo bokitin fenti. Ni ma na taɓa yin haka a gidanmu na Tudun Wada, damina ɗaya kawai fentin ya gani ya kumbura, ya riƙa ɓarewa kamar ɓawon rogo. Tun daga nan nake fara bin ruwa, fenti ya zo ƙarshe.

Ka sheƙa bokiti biyu na ruwa a tsakar gida, ka tsaya ka ga inda ya nufa. In ya bi rariya ya faɗa kwata, to madalla. In kuwa ya koma ya kwanta a gindin bango, nan ciwon yake. A kwashe yashi da leda da ganyen darbejiya da suka toshe rariya, a leƙa indararo, sannan magini ya gyara gangaren daɓen. Santimita 1 zuwa 2 a kowace mita ya wadatar.

Sai wanki. A goge gansakuka da burushi mai ƙarfi da ruwan bilic, a ɗauraye. Kada a kuskura a haɗa bilic da maganin wanke banɗaki, tururin da ke tashi yana shaƙe mutum.

Tsaga ita ce inda ake yawan cutar kai. Wani magini zai ce maka, "Alhaji, bari kawai in shafe ta," ya lailaya siminti a sama, wata biyu ta sake buɗe baki. A ɗan fasa bakinta ta yi faɗi, a share ƙurar, a jiƙa wurin sosai, sannan a cike da kwaɓin siminti kwano 1, yashi kwano 3. Abin da ya fi cikewar muhimmanci shi ne ban ruwa, safe da yamma, har kwana 7. Iskar hunturu tana zuƙe ruwan siminti tun bai kama ba, shi ya sa nake rufe wurin da jiƙaƙƙen buhu. Da ma an fi jin daɗin wannan aiki a farkon Nuwamba, kafin hazo ya kankama. In saiwar mangwaro ce ta ɗaga daɓen, sai an tona an datse ta tukuna.

Rumfa kuma, ka ɗauki guduma ka bi katakanta ɗaya bayan ɗaya kana ƙwanƙwasawa. Wanda ya yi amo kamar ganga, gara ta gama da cikinsa, ko da waje lumui yake. Sau da yawa za ka ga ɗan siririn layin jar ƙasa ya hau ginshiƙi, hanyarta ke nan. A canza ruɓaɓɓen, a shafe sabon da maganin gara ko baƙin mai kamar yadda kafintoci ke yi, kuma kada gindinsa ya taɓa ƙasa: a ɗora shi kan ɗan tudun siminti. Wanda ya gaji da wannan yaƙi ya je Panteka wajen masu walda a yi masa ginshiƙan ƙarfe. Su kuma tsatsa ce abokiyar gabarsu, sai an kankare an shafa jan fentin nan na kariya kafin a sa launi. Kusoshin kwano da suka ɗago a sauya su, don ta nan yoyo ke farawa.

Fenti sai sabon yaɓe ya yi mako 3 zuwa 4 yana bushewa. Ka zaɓi ranar da ƙura ta lafa, in ba haka ba bangon zai fito da kaushi. Daga ƙasa zuwa kamar rabin mita a sa fentin mai, mai duhu, ruwan ƙasa ko toka, domin jar ƙasar Kaduna ba ta raga wa farin bango idan ruwa ya fantsamo ta. Dakalin ma a bi shi da wannan launi, a bar shi kwana biyu kafin a shimfiɗa tabarma.