Atishawar ƙarshen damina: ku gwada ruwan gishiri

Salamu alaikum 'yan uwa na Aboabo da Asawase.

Mai fama da atishawa duk lokacin da ciyawa ta yi fure, ya riƙa wanke hanci da ruwan gishiri da zarar ya shigo gida.

Ka tafasa ruwan leda ɗaya ta fiya wata, ka zuba gishiri ƙaramin cokali ɗaya, kada ya yi tozo. In ya huce ka shaƙa kamar a alwala, ka fyace. Ka wanke fuska, ka sauya riga.

Dalili kuwa, ƙurar furen ciyawa ce ke maƙalewa a hanci da ido da tufafi, jikinka kuma ya ɗauke ta abokiyar gaba. Ka wanke ta, fitinar ta ragu.

Yadda za ka gane ba mura ba ce: atishawa a jere, ido na ƙaiƙayi yana hawaye, majina tsararo kamar ruwa, babu zazzaɓi. Kuma ta fi tashi in ka ratsa fili mai ciyawa ko wurin da ake nome ta.

Don Allah a daina zubar da sidi wajen sayen amoxicillin, ba ya taɓa wannan ciwon. In wankin bai isa ba, ka tambayi mai kemis cetirizine ko loratadine. Piriton na sa barci, direbobin trotro a kula.

Amma in ƙirji na shaƙewa, numfashi na ƙara kamar ana fito, ko zazzaɓi ya shigo da majina mai kauri da ciwon fuska, gishiri ba zai yi ba. Asibiti kai tsaye.