Yadda nake dafa gyaɗa a gida, gishirin ya ratsa har ciki

Tunda damina ta kankama ko ina kika bi a Legas sai kin ga dafaffiyar gyaɗa a tire an ƙuƙƙulla a leda, Yarabawa na ce mata epa, a cikin goslo ma har ta tagar danfo, motar hayar nan, ake miƙo miki. Ni dai na daina saya, ɗan ƙullin da za a baki ko yaro ɗaya bai isa ba, gashi wani lokacin ki ɓare ki ji ta salam ba gishiri ko kuma ta kwana ta fara yauƙi.

Toh aikin daga kasuwa yake farawa 'yar uwa. Ɗanya za ki nema, wadda ba a daɗe da tonowa ba, ƙwansonta da sauran ƙasa da ɗan laima, in kin girgiza ba ta ƙara. Ni Mile 12 nake zuwa in na samu hali, in ba haka ba nan Agege ma ana samu. Dan Allah ki ɓare biyu uku a gaban mai kayan kafin ya auna, in kin ga baƙi baƙi ko funfuna a ciki ki barta kawai komai arharta, funfunar gyaɗa tana da guba mai taɓa hanta kuma dafuwa ba ta kashe ta. Awo kuma kin san nan ba mudu ba tiya, sai dirika, gwangwanin tumatir ɗin nan na De Rica, ko bokitin fenti. Dirika 3 na isar mu da yara.

Wanki kam sai kin daure. Ki zuba a roba ki murje da hannu ki canza ruwa sau 3 ko 4 har sai ya daina fitowa ja, ki tsince fanko da masu tsiro.

Sai ki juye a tukunya ki zuba ruwa ya sha kanta sosai, gishiri babban cokali 3, eh na san za ki ce yayi yawa amma ƙwanso ne zai tare rabi, ruwan ya kamata in kin ɗanɗana ki ji ya fi na miya gishiri nesa ba kusa ba. Za ki ga duk ta taso sama tana yawo, ni faranti nake kifawa a kai ya danne ta sannan in rufe. In ta tafasa ki rage gas, daga minti 30 ki fara ɗauko ɗaya kina ɓarewa, in akwai gafi da sauranta, yawanci tsakanin minti 40 zuwa awa 1 ta yi. Maigida ya fi son mai ɗan tauri, ni kuma lugub nake so, kullum sai mun yi wannan musun. Wasu na jefa kanwa wai ta yi saurin nuna, ni ban so, tana canza mata kala da ɗanɗano.

Yanzu ga inda mutane ke kuskure, ni ma na daɗe ina yi. Da ta nuna sai a yi maza a tsiyaye ruwan, shikenan gishiri ya tsaya a bayan ƙwanso cikin kuma lami. Ki kashe wuta ki barta a cikin ruwanta minti 20 zuwa 30, lokacin da take hucewa ne take zuƙar ruwan gishirin, za ki ga har ta fara nutsewa ƙasa, in kin matsa ɗaya ruwa ya ɗan tsarto miki a yatsa. Sannan ki tsame a kwando ki baza a tire ta sha iska.

In busasshiya kika samu ki jiƙa ta kwana, kuma za ta ci gas na awanni, gara tukunyar fresha in kina da ita.

Kar ki ƙulle ta a leda da zafinta, zafin Legas da laimar nan kafin gobe ta yi yauƙi da tsami. Wadda ta rage a sa a firij in NEPA sun yi mutunci, in babu wuta ki dafa daidai cin yau. Ƙananan yara 'yan ƙasa da shekara 4 kuma a murmushe musu kafin a basu sbd ƙwarewa.